Ka Warke?

Mai aski ya kakkaɓe kujerarsa da tawul, ya juya ta ta fuskanci benci, ya ce, "Wa ke biye?"

Ba wanda ya motsa. Benci cike yake, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, duk suna jiran kujerar ƙanensa, wanda shi da kansa ya koya wa riƙon almakashi. Yau ce fitowarsa shago ta farko tun da aka gama ɗura masa maganin ciwon daji. Maganin ya kwashe masa suma da gemu da gira, ya bar masa baki kamar ya tsotsi ƙusa, yatsu kuwa sai ka ce na aro.

"Direba," ya ce da wani mai tumbi da ya daɗe yana yi wa aski, "wannan ƙeyar taka ni na san kwanarta. Taso."

"Kai kuma wa ya yi maka naka? Ko gira bai bari ba!"

"Askin asibiti ne. Ba sa tambayar wane iri kake so."

Aka kwashe da dariya. Direba ya taso, har ya dafa hannun kujera, sai ya tsaya.

"Tsakani da Allah, ka warke?"

Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. To amma shi mutum ne da bai iya ƙara wa zance gishiri ba.

"Likita ya ce ba su ga komai ba yanzu. Zan riƙa komawa ana dubawa."

"Yanzu," in ji direba. "Ashe da saura." Ya janye hannunsa, ya goge a wando. "Bari in jira ƙanenka, ba sauri nake ba."

Mai aski ya ce, "Ba a ɗaukarsa, wallahi. Likita ya faɗa da bakinsa."

"Haka ne, haka ne. Allah ya ƙara sauƙi."

*

Da mutane suka watse, ƙanen ya zauna a benci yana kallon ƙasa.

"Yaya, da ka ce ka warke, me zai ragu a jikinka?"

"In faɗi abin da ba a faɗa mini ba?"

"Tsoro suke ji. Wai injin da ka riƙe, in ya yanki mutum, shi ke nan. Wasu tun da suka ji za ka dawo suka koma shagon gaba. Ni na san ba haka ba ne, amma bakin wa zan toshe? Iyalinka da nawa duk a nan suke ci."

"To zauna nan in yi maka gyaran fuska, masu wucewa su gani."

Ƙanen ya dubi ƙofa, ya dubi yayansa, ya zauna. Mai aski ya kunna inji. Kunnensa na jin ƙararsa, amma yatsunsa ba su san sun riƙe komai ba. Ya matse, ya ƙara matsewa, yana roƙon hannun nan a zuci kada ya kunyata shi yau. Bai kai rabin goshi ba injin ya zame, ya yi hanya a cikin sumar, ya faɗi ƙasa yana karkarwa.

"Ba komai, Yaya. Zai tsiro."

Ƙanen ya sunkuya zai ɗauko injin. Sai da ya fara naɗe hannunsa da tawul. Mai aski ya gani a madubi, ya kau da kai.

*

Da safe ya tarar da kujerarsa a waje, jikin bango, kusa da janareta. A gurbinta an ajiye wani sabon benci, har mutane sun cika shi.

"Nan ya fi iska, Yaya," in ji ƙanen daga ciki, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka huta tukuna, har jiki ya yi ƙwari."

Ya tsaya riƙe da jakar kayan aikinsa. Ya zauna, ya ɗora jakar a cinya, fuskarsa na kallon titi.

Wani ya zo shiga, ya rage tafiya, ya ɗaga masa hannu daga nesa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi," ya ce.

Mutumin ya raɓa ta ɗaya gefen ƙofar ya shige.