Man Giya Dai Man Giya Ne

A wuri ɗaya motar take fizga, tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Idan ta tashi daga danja sai injin ya yi ta gurnani kamar ba za ta canja ba, can sai ta canja da ƙarfi, gim, kamar an doke ta ta baya. Tsohuwar otomatik ce, shekararta goma sha tara da ƙerawa. Auta ta yi wata uku tana jin wannan dukan ba ta damu ba, sai ranar Litinin da ta ɗauko mahaifiyarta daga asibiti.

An yi wa Inna aiki a ƙashin baya. Likita ya sallame ta da sharaɗi biyu: kada ta sunkuya, kada a jijjiga ta. Danja biyar ce tsakanin asibiti da gida, motar kuwa ta fizga sau bakwai. Duk fizga Auta tana hango Inna ta madubi tana cusa gefen mayafi a baki tana cizawa. Da suka isa gida mayafin ya jiƙe da miyau, kuma sai da aka yi minti ashirin kafin ta iya sauko da ƙafa ɗaya. Ranar Alhamis da safe za a koma cire zare.

Talata da yamma Auta ta kai motar garejin Dogo. Rumfar kwano ce, ƙasarta ta sha mai har ta yi baƙi tana kama takalmi. A ramin duba mota wani koren ruwa ne kwance, sauro na iyo a kai. Dogo ya bar injin yana aiki, ya zaro sandar awon man giya, ya nemi tsumma bai samu mai tsabta ba. Auta ta miƙa masa farar takarda daga jakarta. Aikinta gwajin jini da fitsari ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, shekara tara tana kallon ruwan jikin mutane.

Ya goga sandar. Abin da ya fito baƙi ne mai duhun ƙasa-ƙasa, da ƙananan ɓurɓushi a ciki.

"Malama, ki shinshina."

"Na ji daga nan."

Ƙauri yake kamar tukunyar da aka manta a kan wuta.

"Wannan ja ya kamata ya zama," in ji Dogo. "Ja kamar jinin da kuke ɗiba. Yaushe rabon da a canja shi?"

"Duk wata uku ana yi mata juye."

"Baƙin mai ke nan, na inji. Na giya nake tambaya."

Shekara shida motar tana hannun Auta, ba a taɓa canja shi ba.

Dogo ya ce ba zai sa injin wankewa ba. Tsohuwar giya ce, idan aka tura mata sabon mai da ƙarfi, dattin da ya kwanta zai tashi ya toshe ƙananan hanyoyin da ke ciki. Za a sauke farantin ƙasa, a wanke, a canja filta, a zuba jan mai lita uku da rabi, bayan mako biyu a sake.

"Za ta daina fizga?"

"Za ta rage. Ban ce za ta koma amarya ba."

Ya yago kwali ya rubuta mata irin man da za ta saya. Ya ce ta kawo motar gobe ƙarfe huɗu, kafin nan kada a yi ta yawo da ita.

Saboda haka ranar Laraba ta tafi aiki a motar haya. Ta bar makulli a kan ƙusa a falo. Lambar man ta kwafa a waya, kwalin kuma ta soke shi a ƙusar.

Ƙarfe uku ta dawo, da galan na jan mai a leda. Tun daga bakin ƙofa ta ji warin. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne aka dama da kwalta. Ta tura ƙofa.

An ɗaga gaban motar a kan bulo biyu, bonet a buɗe. A ƙarƙashinta ga robar da ake jiƙa wa Inna tawul idan za a goge mata jiki, cike da tsohon baƙin man, har ya tumbatsa ya bi siminti ya nufi bakin rariya. Ƙuda biyu sun faɗa ciki sun mutu. Mazurarin kicin yana soke a bututun awon mai. A kansa yayanta ne tsaye, cikin singileti, yana tsiyaya wani abu daga jarka, mai kauri kamar zuma, yana sauka a hankali.

Yaya shi ne babba a gidan, ya girme ta da shekara ashirin da biyu. Ya yi shekara ashirin da shida yana jan tirela kafin ido ya ajiye shi. Bai taɓa tuƙa otomatik ba, yakan ce motar ragwaye ce.

"Auta, kin dawo? Zo ki ga aiki. Inna ta ce za ki kai wa Dogo, na ce ina raye?"

"Sannu, Yaya. Mene ne wannan?"

"Man giya."

Ta sunkuya ta karanta jikin jarkar. Lamba casa'in da ɗari da arba'in, man giyar manyan motoci. Ba ko kusa da abin da ke rubuce a kwalin ba. Kwalin kuwa ga shi can a ƙasa, an goge hannu da shi.

"Yaya, ba shi Dogo ya rubuta ba. Ja ya ce, marar kauri. Ga shi na sayo."

Ya kalli galan ɗin da ke ledar, ya yi dariya.

"Wannan ruwan? Shi ya sa take fizga. Giya ƙarfe ce kan ƙarfe, abinci mai nauyi take so. Na je shago na ce a ba ni man giya, mai shagon yana tambayata wane iri, na ce kai, ina tuƙi kana cikin zani. Man giya dai man giya ne."

"Nawa ka zuba?"

"Lita uku. Maƙogwaronta ne ƙarami, tun azahar nake ba ta."

"Ka tayar da ita?"

"Tukuna dai. Bari in sauke ta daga bulo mu zaga da ita ki ji laushi."

Auta ta ajiye ledar. Jiya Dogo ya gaya mata cewa a otomatik man ba shafawa kawai yake yi ba, shi yake tura giyar, ta hanyoyi masu siranta kamar jijiya. Ta san abin da jini mai kauri yake yi a cikin siririn bututu, kullum tana gani. Yanzu man yana kwance a farantin ƙasa. Da zarar injin ya tashi, famfo zai ja shi ya raba ko'ina.

Ta kira Dogo, ta sa wayar a lasifika. Ta faɗa masa lambar da ke jikin jarkar.

"Innalillahi! Wane jahilin..."

"Dogo, ni ne," in ji Yaya.

Shekaru da yawa Dogo ne yake gyara wa Yaya tirela.

"Oga! Ashe kai ne. Ranka ya daɗe. Yaya ido?"

"Da sauƙi. Wai yarinyar nan ce take cewa na zuba mai ba daidai ba."

"To, ai Oga, ku ne manya a harkar. Mu a wurinku muka gani. Mai dai... kowane da irin aikinsa. Amma ai kai ka fi ni sani."

"Kin ji ko?" in ji Yaya.

Dogo ya kashe wayar. Ba a yi minti ɗaya ba saƙo ya shigo wayarta: "Don Allah kar a tada ta. Ina zuwa idan ya tafi."

Ta karanta sau biyu. Ta mayar da wayar aljihu.

Yaya ya zare mazurarin ya jefa a kan dandamalin wanke-wanke, ya shiga sauke motar daga bulo. Makullin yana jikin motar. Auta ta zaga ta ɗaya gefen, ta buɗe ƙofa, ta miƙa hannu ta zare shi, ta sa a aljihun farar rigar aikinta.

Da ya gama ya zauna a kujerar direba, da mai a wandonsa, ya lalubi makulli bai ji ba. Ya ɗago.

"Ina makullin?"

"Yana wurina."

Ya miƙo hannu. Tafin baƙi ƙirin, man ya shiga har ƙarƙashin farce.

"Ba ni."

"A'a, Yaya."

Shekararta talatin da huɗu, ba ta taɓa haɗa waɗannan kalmomi biyu ba. Shi ma da alama bai taɓa jin su a haɗe ba, don sai da ya juya ya duba ko da wani take.

"Ke! Ni kike ce wa a'a? Ranar da aka haife ki ni na tuƙa uwarki zuwa asibiti."

"Na sani. Gobe ni zan tuƙa ta."

"Wato ni zan kashe mata mota? Don kin iya leƙa fitsarin mutane a kwalba shi ke nan kin san giya?"

"Ban san giya ba. Na dai san karatun jikin jarka."

Daga ɗaki muryar Inna ta fito, a raunane. "Me yake wari haka ne? Auta, ba yayanki makullinsa mana."

"Makullina ne, Inna."

Yaya ya fito daga motar. Ya tsaya yana kallonta, ita kuma tana kallon robar da ƙudan. Ya ja tawul ɗin Inna daga kan igiya ya goge hannuwansa yatsa bayan yatsa, ya yar a ƙasa, ya ɗauki rigarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Idan ta tsaya muku a titi kada a kira ni."

Ƙarfe biyar Dogo ya iso da akwatin sifanu. Ya leƙo da kai tukuna.

"Ya tafi?"

"Shigo."

"Malama, ki gane, mutum ne babba. Ba a..."

"Ga motar can."

Ya kwanta a kan kwali ya kwance notin farantin. Man Yaya ya fito a hankali, yana zuba yana naɗewa kamar majina. Dogo ya kawar da kai yana tofar da miyau. Da ya sauke farantin ya nuna mata maganaɗisun da ke manne a ciki: garin ƙarfe ya lulluɓe shi, ya yi gashi-gashi, baƙi, mai santsi. Filtar da ya ciro ta yi nauyi da datti. Ya wanke farantin da fetur, ya zuba rabin lita na jan man ta bututu don ya koro ragowar mai kaurin, ya bari ya tsiyaye, sannan ya sa sabuwar filta ya ɗaure. Ya zuba sauran. Ya tayar da injin, ƙafarsa a kan birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sake duba sanda. Ja ne, da ɗan duhu.

"Allah ya taimake ki ba a murza makullin nan ba," in ji shi. "Da an zaga da ita, sai dai mu sauke akwatin giyar gaba ɗaya." Ya tattara sifanunsa. "Amma don Allah kada ki ce masa ni na zubar."

Bayan ya tafi ta juye man a tsohuwar jarka, ta watsa yashi a siminti. Robar ta wanke ta sau uku da omo, ta shinshina, ta kai ta bola tare da mazurarin da tawul ɗin. Ta shimfiɗa jarida a kujerar direba.

Alhamis ƙarfe takwas suka fita. Inna tana baya, filo biyu a ƙugunta, ta riga ta naɗe gefen mayafi a hannu. A danja ta farko Auta ta ɗaga ƙafa daga birki ta taka totur a hankali. Injin ya ɗaga murya, motar ta ɗan yi jinkiri, ta canja da wani ɗan motsi kamar an taɓa kafaɗar mutum. Danja ta biyu ma haka. A ta uku Auta ta ga Inna ta saki mayafin ta ɗora hannu a cinya.

"Kin ji hannun manya," in ji Inna. "Ta yi laushi."

"Dogo ne ya gyara, Inna. Man da Yaya ya zuba zubar da shi aka yi. Da an tayar da ita da shi, da yau a motar haya za mu."

Suka wuce danja ta huɗu, Inna ta gyara filon da ke ƙugunta.

"To, da bai fara ba wa zai ƙarasa? Idan mun koma ki kira shi ki ba shi haƙuri."

Rana ta fara dukan motar. Warin man Yaya ya taso daga kujerar, ya ratso jaridar. Auta ta sauke gilashi har ƙasa, ta sa sigina, ta shiga layin ƙofar asibiti.