Tsakuwoyin Rukayya

Kwana biyu kacal Inna Azumi ta yi a Gwandu, gidan ɗanta Sahabi, hankalinta ya tashi. Daga Kalgo ta zo ganin jikarta Yusra, 'yar shekara huɗu, amma abin da idonta ya gane mata ya hana ta jin daɗin tuwo.

Kullum da hantsi, da Sahabi ya fita aiki, sai matarsa Rukayya ta ja yarinyar ɗaki ta saki labule. Inna Azumi kuwa ba ta iya ganin labule a sake ta zauna lafiya, don haka ta leƙa. Tire ne cike da rairayi. Rukayya na zana layuka da yatsa, tana jera tsakuwoyi da ƙwallayen dabino, har da wuri, kuɗin da, guda shida, bakinta na motsi ƙasa-ƙasa. Tana yarinya, tsohuwa ta taɓa ganin boka yana bugun ƙasa, kuma haka ya yi, babu ragi. A garin malamai, a gidan ɗanta, da hannun jikarta a ciki!

Ba ta tambaya ba, ai mai irin wannan ba ya amsa laifinsa. Sai ta hau lura, kuma komai ya zama shaida. Me ya sa duk abin da Rukayya ta ce sai Sahabi ya ce to? Yaron da ko miyar kuka ba ya sha a gida, yanzu har ƙari yake nema! Abin ya cika mata ciki, ta sauke shi ga maƙwabciya Lami ta kan katanga, tare da roƙon kada kowa ya ji.

Ranar Laraba haƙurinta ya ƙare. Ta yaye labulen da bismilla a bakinta.

"Kaka, taho ki gani!" in ji Yusra. Ta tura tsakuwa uku, ta ƙara biyu, ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. "Biyat!"

Rukayya ta gyara wa surukarta wurin zama. "Lissahi nika koya mata, Inna. In ta taɓa da hannu ta hi ganewa. Rairayin ga na rubuta lamba ne, in ta ɓata mu share."

"To labulen hwa?"

"Akuya ka shigowa ta haɗiye muna ƙwallaye."

"Raɗan na mine ne?"

"Na ga kina kishingiɗa da hantsi, ban so mu tashe ki."

Kunya ta rufe Inna Azumi, amma daɗi ya fi yawa. Ta zauna, jika na ɗora mata tsakuwoyi a tafin hannu, tana godiya ga Allah da ba ta kai maganar ga Sahabi ba. A ranta ta ce shi ke nan, ta wuce.

Sai aka yi sallama. Wata baƙuwa ce ta shigo, ta ce daga Dalijan take, ta durƙusa tana kallon tiren.

"Nan na gidan mai duba? Ɗan kunnena na zinari yaɓ ɓace, ina son a gano min ɓarawo."

Rukayya ta miƙe tsaye. "Subhanallahi! Wa yac ce miki ina duba?"

"Har kasuwa an sani. An ce uwar mijinki ta gani da idonta."

Rukayya ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juyo a hankali ta dubi surukarta.

"Inna, ni?"

Tsohuwa ta zubar da tsakuwoyin, ta lalubi mayafinta. Za ta fara da gidan Lami, ta janye maganarta. Gida nawa za ta shiga bayan nan, ba ta sani ba.