Amsar da Ake Ba Baƙuwa

Salanieta ta ajiye ƙunshin saiwar yaƙona, gaisuwar da baƙo ke kawowa a al'adar nan, a kan tabarmar gidan su Isikeli, ta naɗe ƙafafu ta zauna. Shekara bakwai ke nan tana bin sawun yara ɗari biyu da suka gama sakandare a yankin Labasa, don a gano ko shirin koyar da sana'a ya raba su da gonar rake. Ran Juma'a za ta miƙa rahoto, kuma da shi jami'a za ta yanke ko a sabunta mata aiki ko a sallame ta. Rahoton kuwa sai son barka: tara cikin goma sun samu abin yi. Cikin yaran, Isikeli ne ɗan gaban goshinta, don duk shekara a waya yakan ce gyaran lantarki na tafiya lafiya lau. Hotonsa ta zo ɗauka saboda bangon rahoton.

Mahaifiyarsa Merewalesi, wadda ake kira Nana, ta kawo shayin ganyen lemo da dafaffen rogo.

"Ci, 'yata. Ku mutanen birnin Suva sai takarda, jiki ba tsoka."

"Nana, ina ma'aikacin namu? Yana shago?"

Tsohuwar ta ɗage labule. Ga Isikeli kwance, ƙafarsa naɗe da tsumma, ta kumbura suntum. Adda ce ta sare shi a gonar rake, mako uku ke nan.

"Rake kuma? Lantarkin fa?" in ji Salanieta.

"Kwana tara na yi a makarantar, malama," ya ce, idonsa a ƙasa. "Mai koya mana ya tafi Ostireliya tsinkar lemo, ba a kawo wani ba."

"To me ya sa duk shekara kake ce mini…"

"Haba 'yata," tsohuwar ta katse ta. "Ranar da kika fara zuwa, da yaƙona kika zo, mai gari ya karɓa. Wanda aka karɓi yaƙonarsa ai ba a sallamarsa da baƙin labari. Mu muka ce wa yaran su faranta miki. Ga ki tilo cikin rana, da jakar takardu."

"Duka yaran?"

"Na garin nan dai duka. Sauran ƙauyukan ma ai suna da tarbiyya."

Shayin ya huce a hannunta. Isikeli ya yunƙura ya jingina da bango, zufa na keto masa.

"In don hoton ne, ɗauki daga ƙugu zuwa sama. Nana, miƙo mini rigar coci."

Ya sa riga, ya yi murmushi. Ta ɗauka.

A bas, gonakin rake na wucewa ba iyaka, wayarta ta yi ƙara. Farfesa Naivalu ne, tsohon da ya ɗauke ta aiki tun ba ta san komai ba, wanda ya ba binciken nan sauran ƙarfinsa.

"Sala, yaya yaron namu?"

Ta kalli gonakin raken ta taga.

"Lafiya lau, Farfesa," ta ce.