Ta Ƙarƙashin Karara

Yaya Salahuddeen, ɗan baffana, ya zo daga Abuja da rigar ruwa, wai zai ɗauki bidiyon tafiyar daji a ƙoramar bayan Damari, ruwan da ko akuya ba ta tsoro.

Muna shiga kwalekwale, mu da ƙannena, ya ce in sauka in tura, ina ɓata mashi hoto. Garin turawa wayata ta faɗa ruwa, ita da nake koyon ɗinki da ita. Ya leƙa ya ce, "Zulfa, ai dama ta tsufa."

Na ci gaba da turawa.

Gaba kaɗan ruwa ya ƙare a yashi. A nan kowa ke sauka a ɗauki kwalekwalen a ka zuwa ɗaya ƙoramar. Yaya ya ce takalminshi ba na taɓo ba ne. Ƙannena, su Almu, suka kalle ni.

Na ce, "Ku ɗauka da shi. Babba ne."

Ni ce a gaba, hanya kuma biyu ce. Ɗaya fili, ɗaya ta ƙarƙashin itatuwan da karara ta lulluɓe, ƙaiƙayinta ya nuna. Na bi ta ƙarƙashin kararar. Mu dai katakon kwalekwalen ya rufe mana kai.

Yana cikin cewa, "Masu kallo, ku dubi ni'ima," sai murya ta sauya.

"Zulfa! Mi ne ne wannan? Ku sauke ni!"

"Yaya, taɓo ne a nan."

Sai muka ji tim a laka, yana birgima yana susa.

Na ce, "Almu, ɗaga ƙafa, jirgi ya yi sauƙi."