Takalman Malam Ambros

A kan teburin gidan giya aka shimfiɗe Malam Ambros, ruwan kogi na ɗiga daga gemunsa. Tomasin, 'yar maƙwabcinsa mai gashin burodi, ta tsaya jikin bango rungume da kwandonta. Ƙafafunsa take kallo, farare fat, ba takalmi. Ba ta jin komai.

Malam Ambros tsohon lauya ne. Tun da idonsa ya raunana ita ke yi masa karatu, shi kuma yana fama da littafinsa a kan niyya, wanda ya ƙi ƙarewa. Ya sha ce mata, "'Yata, shari'a na son leƙa cikin mutum, amma ba taga."

Mai binciken gawa ya dubi mazan unguwa da aka rantsar don tantance yadda ya mutu.

"Kun san doka. In santsi ya kwashe shi, a kai shi maƙabartar coci. In da hankalinsa ya jefa kansa, sai a binne shi a mararraba, a kafa masa turke a ƙirji, ba addu'a."

Matar mamacin, Inna Dokas, tana zaune a kan benci, hannuwa bisa cinya.

"Wane hankali, ranka ya daɗe?" in ji Jabes mahauci. "Mutum ya tsufa a kan littafi ɗaya, ko babin farko bai gamsu da shi ba."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta.

Mai bincike ya juya ga Tomasin. "Ke, yarinya, ke kika fara ganinsa. Me ke ransa kwanakin nan?"

Da safe, kafin Tomasin ta hango shi cikin ruwa, takalmansa ta fara gani a bakin gaɓa, an jera su daidai, an naɗe safa an cusa a ciki. Wanda santsi ya kwasa ba ya naɗe safa. Yanzu suna ƙasan kwandonta, burodi a kansu.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Kullum kina gidan."

"Littafi nake karanta masa. Cikinsa ban gani ba."

"To ina takalmansa?"

Ta ƙara matse kwandon.

"Kogin nan ya taɓa tuɓe min wando," in ji Jabes, "balle takalmi."

Babu wanda ya dubi Tomasin. Mai bincike ya yi hamma, ya ce santsi ne.

Washegari aka binne shi kusa da katangar coci, ana yayyafi. Da la'asar Tomasin ta shiga gidan mamacin, ta ɗaga burodin, ta fito da takalman.

"Inna, ga su."

Inna Dokas ta shafa fatar, ta zura yatsu ciki. A bushe suke ƙamas.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Zauna."

Inna Dokas ta kai takalman bakin ƙofa inda ya saba ajiye su, ta jera su daidai, safar na ciki.