Safiyar da Raɓa Ba Ta Sauka Ba

Tsoho Sallau irin mutanen nan ne da in sun ce haka ake yi, ko liman ya zo ba ya sauya su. A ƙauyensu da ke bayan Matameye ta hanyar Tsauni, babu wanda ya kai shi sanin ƙonan zagaye. Bayan girbi akan cinna wa ciyawar da ke kewaye da rumbuna wuta da sanyin safiya, tun raɓa na kanta, ta ci a hankali, maza na tsaye da ɗanyen ganye suna dukan bakinta. In wutar daji ta taso daga baya, sai ta iske baƙin fili ta tsaya nan.

Bana kuwa akwai abin karewa. Dami tamanin na gero Sallau ya zuba a rumbu, abin da rabonsa da gani shekara tara. Ɗansa Yahaya, mai teburin shayi a Legas duk rani, ya ce masa ranar tafiya, "Baba, in rumbun nan ya kai mu damina, wannan ce tafiyata ta ƙarshe." Ranar har ƙarin tuwo Sallau ya nema. Ƙarfinsa ya ƙare, ya kuma sani. Ba abin da yake so a duniya kamar a ce ranar da zai kwanta dama ɗansa na kusa.

Sai dai ruwan da ya yi geron shi ya yi ciyawar. Ta kai ƙirjin mutum, zafin kaka ya busar da ita ƙayau. Sau biyu a wata guda wuta ta tashi a dajin gabas, aka ce masu fitar da gafiya da hayaƙi ne. Mazan da za a yi gayya da su kuwa, tun ba a gama ɗaurin dami ba suka cika motocin tasha, sai ci-rani. Ga kara, wanda a da ake bari a gona, yanzu ya zama abin sayarwa, kowa ya jingine nasa a jikin rumbu.

Ranar kasuwar Matameye, 'yan mazan da suka rage ma suka tafi. Sallau ya gaji da jira, ya ɗauki ashana ya fita. Zulaiha matar Yahaya ta biyo shi da jarkar ruwa a ka.

"Baba, a bari sai gobe mana, mazan su dawo."

"Gobe ta nawa ke nan? Tun ba a haifi babanki ba nake aikin nan."

Ya sunkuya ya shafa ciyawa. Babu raɓa ko ɗigo. Ya ji sarai, kada wani ya ce bai ji ba. Amma shekara sittin safiyar kaka na zo masa da raɓa, sai ya gaskata shekara sittin ɗin ya ƙaryata tafin hannunsa. Ya ƙyasta ashana.

Wutar da ya sani rarrafe take yi. Wannan miƙewa ta yi tsaye, ta fi shi tsawo. Iskar da a da ba ta tashi sai hantsi ya yi, nan take ta zo ta tura ta cikin tarin kara, daga kara ta haye jinkar rumbu. Zulaiha ta watsa jarkarta, ta ruga tana ihu. Mata suka fito da bokitai, Sallau na ta dukan ƙasa da reshen bedi har ganyen ya ƙare. Kafin rana ta take, ƙauyen duka ƙamshin tumu yake. Mata suka tsaya da bokitai a hannu suna kallo, ba wadda ta iya ce wa tsohon komai, shi kuwa ya fi son a zage shi.

Bayan la'asar yana zaune gaban tokar, Zulaiha ta miƙo masa waya. Ba ta gaya wa mijinta ba, ta bar wa tsohon ya faɗa da bakinsa.

"Baba, albishirinka," in ji Yahaya, ƙarar motoci na tashi a bayansa. "Na samu mai sayen teburin. Da mun daidaita ina hanya."

Sallau ya dubi hannunsa da ya yi bororo.

"Kada ka sayar."

"Me ya faru, Baba?"

"Rumbu ya ƙone. Ba mafarauta ba ne, ni ne. Ka zauna can, Yahaya. Bana, da baɗi ma. Ba sai ka zo duba ni ba."