Hannun Dama a Kan Bel

...hannun hagu a taga, na dama a kan bel, sannan a jira. A jira. Haka take gaya wa baƙin da ta kwaso a bas daga zauren taro, muryarta ko rawa ba ta yi. Torunn ke nan, injiniyar rijiyoyin mai na cikin teku, wadda yau kamfani ya mayar 'yar rakiya. Da safe ta kai su tashar jiragen ruwa sun ga fukafukan injinan iska a kwance, an ba su kofi da burodi da cukun nan mai zaƙi, yanzu ga su a cibiyar horo ta bayan garin Stavanger, kowa da rigar ceto a jiki. Doka ce: duk wanda zai tsallake layin rawaya na bakin tafki sai ya sa riga, ya ɗaure ta tamau.

Tafkin nan... shuɗi, mai ɗumi, da warin maganin ruwa. A samansa akwatin ƙarfe yana lilo a jikin igiya, da kujeru da tagogi irin na helikwafta. A nutsar da shi, a kife shi, ka fito ta taga. Wanda bai fito yadda ake so ba, babu takardar shaida. Babu takarda, babu hawa jirgi. Babu jirgi, babu teku. Tata takardar ƙarshen watan nan za ta mutu. Sau biyu ta gwada ta faɗi, saura gwaji ɗaya, jibi, a wannan akwatin da take nuna wa mutane da yatsa tana murmushi.

"A'a, injiniya! Yau kuma kiwo aka ba ki?" Arnfinn ne, malamin horon, da tumbinsa cikin rigar roba. Shi ya fara nutsar da ita tun tana budurwa.

"Rufe mana baki, tsoho, ka nuna musu abin wasanka."

An yi dariya. Ita ma ta yi. Shi ne ya ciro ta daga ruwa makon jiya tana shure-shure, tana tari, ya sani, ita ma ta san ya sani, amma ga shi yana tsokana kamar kullum. Tausayi ne? Da ma zaginta ya yi.

Wata mata daga Holan ta ɗaga hannu: me ya sa sai an jira? Ai mutum zai so ya kwance bel tun da wuri. Tambaya mai kyau. Torunn ta san amsar kamar sunanta. In ka kwance kafin jirgin ya gama juyawa, ruwa zai ɗauke ka daga kujera, taga ta ɓace maka, sama ta zama ƙasa, ka faɗa kan na kusa da kai ku hallaka tare. Bel ɗin da kake jin ya ɗaure ka, shi ke riƙe da kai har ka san inda kake. Matar tana gyaɗa kai. Kowa ya gamsu. Wa ya kai ta iya bayani?

Kafaɗun Jostein — daga nan abin ya faro. Bara, da hunturu, ana komawa aiki a helikwafta, ta samu kujerar tsakiya, shi yana ta taga, ƙato, mai gyaran famfo, yana barci baki buɗe. Ta dubi kafaɗunsa, ta dubi tagar, ta sake dubawa. Idon injiniya, ba ya ganin abu bai auna ba. In ya maƙale fa? Shi ke nan. Ba abin da ya faru, jirgi ya sauka lafiya, Jostein ya farka yana tambayar me aka dafa. Me za ta ce wa likita? Na ga kafaɗun wani mutum? Da hatsari ta yi, da akwai sunan da za a ba abin, da akwai magani... Amma tun daga ranar, da ruwa ya taɓa haɓarta, hannun dama sai ya yi gaban kansa, ya kwance bel. Ƙas. Ba ta aike shi ba.

Ofis ma aiki ne, in ji Eilif, mijinta, yana yanka kifi bai ɗago ba. Ki dawo gida mana, ki huta. Mutumin kirki. Bai san in tana gida takan tsaya tsakiyar kicin ta rasa inda cokula suke ba? Bai lura sai a can teku take barci ba, a ɗan ɗakin da ke rawa, da gurnanin injina a ƙarƙashin gado? A can kowane bututu ya san ta. A nan fa — tuta a hannu, a ƙirga baƙi kar a manta wani a banɗaki.

Ma'aikata huɗu sun shiga akwatin, sun zauna, sun ɗaure. Baƙi sun ɗaga wayoyi. Arnfinn ya ba da alama, igiya ta soma sauka. Ruwa a idon sawu. Ruwa a gwiwa. Ita tana tsaye a kan busasshen siminti, takalmanta ko ɗigo babu, ba ruwanta, kallo ta zo... a ƙirji. Ja numfashi yanzu. Ta ja. A haɓa. Sun nutse, akwatin ya soma kifewa a hankali, kumfa, ƙafafu a sama, jira, Torunn, jibi haka za ki yi, ga shi da sauƙi, dubi yarinyar can ta hagu ko motsi ba ta yi, hannunta a taga, jira, bai tsaya ba tukuna, bai tsaya ba, kin sani, ke kika gama gaya musu, jira —

Ƙas.

Ba daga cikin ruwa ƙarar ta fito ba. Ta sunkuyar da kai. Rigar cetonta a buɗe, maɗaurin yana reto, hannunta na dama yana kansa. Akwatin har yanzu juyawa yake.

Ba wanda ya ji, duk idonsu na kan wayoyinsu. Sai Arnfinn, can tsallaken tafki. Ya dubi hannun, ya dubi fuskarta. Ta jira tsokanar, ko kalma ɗaya ce, ya kira ta matsoraciya, ya ce injiniya zafi kike ji? Ya mayar da idonsa ga ruwa.

Kawuna huɗu sun ɓullo, ana tafi. Tana ƙoƙarin mayar da maɗaurin, yatsun sun ƙi, bakin ƙarfen yana ta zamewa... Matar Holan ta matso tana tambaya ƙarfe nawa bas zai tashi. Ƙarfe nawa? Ta sani. Duk ta sani. Bari dai ta ɗaure wannan tukuna...